Wuyan Ɗiyar Fari

Ranar sunan jikarsa ce Mushe Ishaku, kamar yadda ake kiran malamin boko a ƙasar Nijar, ya ga wuyan ɗiyarsa, kuma daga ranar bai sake cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba.

Da hantsi ne, an riga an raɗa suna an yanka rago. Yana zaune kan kujerar roba a zauren gidan surukinsa a Dogon Dutsi, sai aka ce mai jego za ta fito ta gaishe shi. Lubabatu ta fito ta durƙusa can bakin ƙofa, ta ba shi gefe, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba. Kullum cikin dogon hijabi take, amma ran nan mata sun yi mata ado da ɗankwali da gyale, gyalen kuwa ya zame. Sai ga ƙeyarta a fili. Fatar wurin ta yi baƙi ƙirin, ta fi sauran jikinta duhu nesa ba kusa ba, ta yi kauri da laushi kamar karammiski, ta bi lanƙwasar wuyan ta zagayo har ƙarƙashin kunne. A jikin baƙin ga wasu 'yan tsiro ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau. An sauka lahiya?"

"Lahiya lau."

"Madalla."

Iyakar hirar ke nan. Ta ja gyalenta ta koma ciki, shi kuma ya ci gaba da kallon bangon da yake kallo tun shigowarta. Duk wanda ke zauren ya ga dattijo mai kunya, ba wanda ya san abin da idonsa ya gani.

Lubabatu ɗiyar fari ce. Uba ba ya kiran sunan ɗiyar fari, ba ya duban fuskarta, ba ya ɗaukarta, ba ya nuna wa duniya ya san tana raye. Ana yaye ta aka kai ta Sukukutane wurin yayarsa Zalihatu, can ta girma tsakanin awaki da rumbuna. Mushe Ishaku ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a lekol, wato makarantar boko, ya koya wa 'ya'yan mahauta da na masu unguwa karatu, amma tasa ɗiyar ko sunanta ba ta iya rubutawa. A cikin aji babu al'adar da bai yi wa dariya ba. Ya gaya wa yara ba wata iska ce ke jefo aradu ba, ya zana musu husufin wata a allo. Wannan al'adar kaɗai ya riƙe yadda ubansa ya riƙe ta, don a ganinsa ba ta cin komai. In maganarta ta kama, sai ya ce "yarinyar nan", ko "ta Sukukutane", kowa ya gane.

Baƙin nan kuwa ya san shi. Shekara da shekaru ya kwana kusa da shi. Matarsa Sahura, uwar Lubabatu, haka wuyanta ya yi tun da sauran ƙuruciyarta, har da hammata. Ta ɗauka datti ne, kowa ma haka ya ɗauka. Ta cuɗa da soso, ta cuɗa da toka da lemun tsami, ta goga dutsen kaushi har wurin ya yi jini. A gidan biki mata na zunɗenta, wai matar mushe guda ba ta iya wanka ba. Shi kuma duk zuwan da zai yi Yamai sai ya riƙo mata sabulu mai ƙamshi. Ta yi ƙiba, mutane suka ce mushe ya iya kiwo. Daga baya ƙishirwa ta zo, da yawan zagayawa, sai rama, sai wata 'yar ƙaya da ta taka a tsakar gida, wadda ta ci yatsa, ta ci ƙafa, ta ci matar.

A asibitin Doso, ana gab da ƙarshe, wani matashin dokta ya ɗaga mayafin Sahura, ya taɓa wuyan da yatsa, ya tambayi Ishaku da Faransanci tun yaushe. Ishaku ya ce ai wannan ya daɗe, kuma ba ya mata ciwo. Doktan ya ce to wannan ba datti ba ne. Jiki ne ke sanarwa ya fara kasa sarrafa sukari, kuma sau da yawa yakan yi shekaru yana sanarwar kafin ciwon ya zauna. Ya ce da tun lokacin aka ɗiga jininta a na'ura, aka rage mata zaƙi, aka sa ta tafiya, aka ba ta ƙwaya in ta kama, da wataƙila tana gida da ƙafarta biyu. Ya faɗa ne ba da mugunta ba, yana cikin duba wata takarda.

Bayan an binne ta Ishaku ya bi duk abin da aka rubuta a kan ciwon ya karanta. Ya san sunan baƙin da Latinanci, ya iya rubuta shi ba kuskure. Ya san cewa ba duk mai baƙin ne ciwon ya riga ya kama ba, gwaji ne ke rabewa. Ya san kuma macen da ta haifi ƙaton jariri ya kamata a duba jininta. Jaririyar da aka raɗa wa suna Marwa ran nan kuwa ƙatuwa ce, mata sai juya ta suke suna cewa tubarkalla, kamar 'yar wata uku.

Magana dai a fili take, dole wani ya gaya wa Lubabatu. Sai ya nufi wadda ta rene ta.

Motar Sukukutane tsohuwa ce, ta kafe cikin rairayi sau da dama, fasinja na sauka suna turawa. Ya iske Zalihatu a gindin itacen bedi tana ɓarar gyaɗa, goro a kunci. Ta girme shi sosai, 'yar bori ce tun kafin a haife shi a lekol, kamar yadda takan ce, kuma ba ta taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba.

"A'a, mai littahi! Wa yam mutu?"

"Ba kowa, Yaya."

"To mi yak kawo ka cikin rairayi da takalmin birni?"

"Maganar yarinyar nan ce. Ta wurinki."

"Wace yarinya? Yara sun yi yawa garin ga."

Ta san wadda yake nufi sarai, so take ta ga ko bakinsa zai suɓuce. Bai suɓuce ba. Ya zauna a turmi ya yi mata bayani a hankali, irin wanda yakan yi wa 'yan ajin farko. Ta saurara har ya gama, ta tofar da tukar goro.

"Ka ƙare? To ni na riga ka gani, ni ce nac cuɗa ta wankan jego. Wurin zaman mai ita ne. Iska in ta zaɓi godiyatta, nan taka zama, bisa wuya, har wurin shi yi kanta. Sahura ma haka. Munka ce a yi mata wasan bori, kac ce kai ɗan lekol ne. Ina Sahura yau?"

"Sukari yak kashe Sahura, Yaya."

"Sukari! Sukarin da kowa ka sha? Ni ko hura ba ni sha sai da shi, ga ni garau, na binne sa'o'ina duka."

"Ban ce ki yarda ba. Ki ce mata ta tahi likita a ɗiga jininta. Da sahe, kahin ta ci komi. Shi ke nan."

"Sai in hwaɗa mata."

"Kin yi alkawali?"

"Kai, tashi ka ci tuwo. Ɗiyata ce, ba taka ba. Kai mi kas sani gare ta? Ko tsawonta ba ka sani ba."

Zalihatu ta cika alkawari, irin nata cikawar. Ta shiga mota ta zo Dutsi da farin ƙyalle da kwalbar turare da ƙullin alewa. Ta ce wa Lubabatu Mariya ce, iskar nan mai son ƙamshi da zaƙi, ta riƙa tsotsar alewa safe da yamma don mai wuyan ta huce. Maganar asibiti kuwa ta ambata ne a bakin ƙofa tana neman takalminta. Mijin Lubabatu ya tsinci ƙyallen da turaren a ƙarƙashin katifa, ya cinna musu wuta a tsakar gida, ya aika wa tsohuwar kada ƙafarta ta sake taka gidansa. Alewar dai bai ƙone ba, ai ba shirka a jikin alewa.

Mus'ab sunan mijin. Matashi ne mai sayar da kayan babur kusa da tasha, gemu cike da fuska, wando bai kai idon sawu ba. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba Ishaku haushi ke nan, don da mugu ne da an san inda za a ajiye laifi. Yana son matarsa a fili, yana kiran sunanta gaban mutane. Tasa ɗiyar farin, Marwa, a kafaɗa yake yawo da ita cikin unguwa yana mata waƙa, tsofaffi na kau da kai. Ya saya wa Lubabatu firiji, tana haɗa zoɓo da lemun tsamiya da madarar yawur tana sayarwa, kuma ba tukunyar da za ta ƙulla a leda ba ta ɗanɗana ba.

Tsakanin suruki da suruki ma akwai kunya. Ishaku ya yi ta wucewa ta gaban shagon, yau ya ce da mutane, gobe ya ce an kusa kiran salla. Watanni suka tafi a haka. Ranar da ya shiga, Mus'ab ya zabura ya kakkaɓe masa benci da hularsa, ya tsiyayo masa shayi mai kauri kamar zuma.

Ishaku ya fara da Faransanci, don Faransanci ba shi da kunya, ana iya faɗin wuya da hammata da fitsari a cikinsa ba a ji komai ba. Mus'ab, wanda ya bar lekol tun yana ƙarami, ya yi ta gyaɗa kai har ya gaji.

"Baba, ka yi mini da Hausa."

Da Hausa maganar ta yi nauyi. Ishaku ya dubi tarin tayoyi ya ce, "Iyalinka. Akwai alama ga wuyanta."

Fuskar Mus'ab ta canza. "Haka Gwaggo tac ce, tak kawo muna shirka cikin gida."

"Ba da wannan na aike ta ba."

"Na sani, Baba, kai mai ilimi ne. Amma baƙin ga na man shahe-shahe ne da ta yi tana budurwa. Na hana ta. Za shi washe."

"Ba mai ba ne. Diyabet ne, ciwon sukari, ka yin sallama. Uwatta da haka abin yas soma."

"Allah shi jiƙan Inna. Amma Lubabatu lahiyatta lau, wallahi ta hi ni ci. Kuma kowace sahiya ina ba ta zuma da dabino da habbatus sauda. Ba ciwon da ka zama jikin da ke shan wanga."

Ishaku ya dubi kofin shayinsa. Yayarsa da surukinsa ba za su zauna tabarma ɗaya ba ko za a yanka su, amma ga shi sun haɗu a kan abu guda, kowanne na ɗura wa yarinyar zaƙi don ceton ranta.

"A ɗiga jininta kawai," ya ce. "Ba shi ɗaukar lokaci."

"In sha Allahu. Bari in komo daga Lome da kaya, ni da kaina za ni kai ta." Mus'ab ya murza wani ƙaramin ƙarfe a hannu. "Amma Baba, in tambaye ka, kada ka ji haushi. Mi yah hana ka hwaɗa mata da bakinka? Ni in na yi magana dariya taka yi. Kai ko tari anka ce ka yi, wuni taka yi tana tambaya ko ka samu sauƙi. Kunyar ga ba ta cikin Littahi, ba ta cikin hadisi. Ɗiyakka ce hwa."

Ishaku ya ajiye shayin bai shanye ba, ya yi sallama. Yaron ya faɗi gaskiya, kuma wannan ne bai yafe masa ba.

Mus'ab ya je Lome ya dawo, ya sake komawa. Ba a ɗiga jinin kowa ba. Marwa ba ta daɗe da fara tafiya ba Lubabatu ta sake samun ciki. Ishaku ya ji labarin yadda uba ke jin duk labarin ɗiyar fari, wato a ƙarshe, kuma a bakin maƙwabciya tana yi da wata ta kan katanga.

A nan ne ya yanke shawara zai je da kansa. Ya tsara maganar a ransa, da Hausa, gajeriya. Yana zagaya tsakar gidansa da hannu a baya yana gyara ta kamar darasi, ya cire wannan kalma ya sa waccan. Mutumin da ya tsaya gaban sufetocin makarantu daga Yamai bai taɓa in'ina ba, ya ce da kansa, ba zai kasa jimla uku gaban yarinyar da ya haifa ba. Wata ranar bazara bayan la'asar ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi.

Mus'ab na kasuwa. Ishaku ya zauna a zaure. Daga inda yake yana hango rariyar da ke fitowa daga makewayi, ƙiyashi sun yi layi a bakinta baƙi ƙirin. Wannan ma ya san shi daga gidansa, zaƙin fitsari suke bi.

Lubabatu ta fito cikin hijabi har ƙasa, ta kawo masa zoɓo mai sanyi a kofin ƙarfe, ta koma bakin ƙofa ta durƙusa da ƙyar saboda cikin. Gorar ruwa na gefenta. Hannun da ya miƙo kofin ya rame, zoben da ke yatsarta na juyawa.

"Ina wuni, Baba."

"Lahiya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina mai gidan?"

"Shina kasuwa."

Wani mai kura ya wuce a waje yana kiran ruwa. Ta juya ta kurɓi gorarta a ɓoye.

"Ana zuwa awo?" Ishaku ya tambayi bango.

"Na tahi so ɗaya. Layi ya yi yawa, ga sana'a."

"In an koma, a ce su duba sukari."

"To, Baba."

"Da sahe aka yi. Kahin a ci komi."

"To." Irin "to" ɗin da ake ba tsofaffi ne, wanda ba ya zuwa ko'ina. Ta ja bakin hijabinta, ta ƙara da cewa, "Ai ba abin da ka yi mini ciwo, Baba. Zahi ne kawai ka sa ni shan ruwa."

Sai ta ɗan ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi ba, don ta ga alamar bai gama ba. Ya ga fuskarta sosai. Akwai wani tsohon tabo a girarta ta hagu, bai san yaushe ta same shi ba, bai san ko faɗuwa ta yi ko dabba ce ta tunkuye ta ba. Tana jira. Ƙofar da ya zo nema ke nan a buɗe.

Ya buɗe baki. Amma maganar da ya tsara da sunanta take farawa, sunan kuwa ya ƙi fitowa. In ya faɗe ta, ya yarda ke nan ya dube ta, ya yarda ya daɗe yana dubanta ta wutsiyar ido tun tana rarrafe. Ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Ya ji kamar an ce ya tuɓe riga da wando a tsakiyar kasuwa. Littattafan da ya karanta duka ba wanda ya zo ya kama masa.

"Zoɓon ga ya yi sanyi," in ji shi.

Ta mai da kanta ƙasa. "A ƙaro?"

"A'a. A gai da mai gidan."

Ya miƙe. Yana bakin fita ya ji muryarta a baya, a hankali, kamar da ƙyauren take magana.

"Baba ya rame. Ko ba a samun mai dahwa mai abinci?"

Bai juyo ba. Washegari da azahar aka kawo masa tuwo daga gidanta da miyar kuɓewa a kwanon da aka naɗe da sabon tawul, haka kuma kullum daga ranar. Yana ci ne don kada kwanon ya koma da nauyi. Kowace rana yana cewa gobe zai koma, sai ya ce bari Mus'ab ya yi tafiya, in Mus'ab ya yi tafiya sai ya ce bai kamata ya shiga gidan mutum ba ya nan.

Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa. Wata safiya babur ya tsaya a ƙofarsa da ƙarfi, Mus'ab ya shigo ba sallama, ba hula.

"Baba, tun jiya taka amai. Wani maruru ne yah hito mata, munka ce zazzaɓinai ne. Yau ba ta gane mutane."

A asibitin gari aka kwantar da ita a gadon da ke kusa da taga. Ishaku bai shiga ɗakin ba, ya tsaya a baranda ta wajen tagar, inda ya dace uba ya tsaya. Wata ma'aikaciyar jinya ta soki yatsar Lubabatu ta ɗiga jinin a 'yar na'ura, abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Na'urar ba ta nuna lamba ba, abin ya wuce iyakar da take iya aunawa. Matar ta zare hijabin don mara lafiya ta samu iska, ta tsaya tana kallon wuyan. Baƙin ya ƙara faɗi, ya gangaro har kafaɗa.

"Wanga ba yau yas soma ba," ta ce. "Ba wanda yag gani?"

Mus'ab ya ɗago ya dubi taga.

Suka sa mata ƙarin ruwa, suka yi mata allura. Ungozoma ta zo ta daɗe tana sauraren cikin, ta miƙe ta fita. Kafin azahar aka ce sai Doso.

Da aka shigar da ita motar asibiti, Mus'ab ya matsa ya nuna wurin zama dab da kanta. "Baba, shigo nan." Ishaku ya zagaya ya shiga gaba kusa da direba. Ta 'yar tagar da ke bayansa yana jin numfashinta, mai zurfi, mai nauyi, kamar ana jan guga daga rijiya mai nisa. Gonaki na wucewa kore shar. Ya ce a ransa in sun isa Doso, in ta farfaɗo, in an bar su su biyu ko na ɗan lokaci ne, zai faɗa mata.

Suna shiga Kore Mairuwa aka buga ƙarfen da ke bayansa da tafin hannu. Direba ya gangara gefen titi ya tsaya kusa da wasu mata masu sayar da dafaffiyar gyaɗa, suka taso da farantai a ka, suka ga irin motar suka koma. A baya Mus'ab na kuka da ƙarfi kamar yaro, yana kiran sunanta, yana sake kira. Ishaku na zaune, hannu biyu a kan gwiwa, yana kallon wani jaki da ke tsaye a tsakiyar hanya.

Direban ya kashe mota, ya yi salati. Ya dubi dattijon da ke gefensa. "Sai haƙuri, Baba. Mi take gare ka?"

"Yarinyar gidanmu ce," in ji Ishaku.

Suka juya. Kafin magariba an binne ta da abin da ke cikinta.

Zalihatu ta iso washegari, ta shiga gidan Mus'ab kai tsaye, ba wanda ya tuna an hana ta. Ta faɗi a tsakar gida tana birgima tana kiran ɗiyarta, ta ce Mariya ta ɗauke abarta, mata suka rirriƙe ta. Ita tana da ikon yin kuka. Ishaku na zaune a tabarmar maza a waje, ana zuwa ana miƙa masa hannu. Mus'ab ya zo ya durƙusa gabansa, ido ya kumbura.

"Baba, ka hwaɗa mini. Ni ne ban kai ta ba."

"Haka Allah ya ƙaddara," in ji Ishaku. Jimla ce da ya yi shekaru yana hana 'yan lekol fakewa da ita in sun faɗi jarrabawa. Ta fito masa sumul, ba ta maƙale ko'ina ba.

Wani tsoho da ke gefe ya sunkuya ya ce wa na kusa da shi, da muryar da kowa zai ji, "Kun ga mutanen da. Ɗiyar hwari, amma ko idonai bai ja ba. Yaran yanzu su zo su koya." Aka yi ta gyaɗa kai. A duk rayuwarsa ba a taɓa yaba wa Mushe Ishaku a Dogon Dutsi kamar yadda aka yaba masa a wannan zaman makoki ba.

Da mutane suka watse, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya tafi maƙabarta shi kaɗai. Ƙasar kabarin ta ɗan zauna, ƙayar da aka rufa a kai ta jiƙe. Ba kowa sai awaki can nesa a gindin dutse. Duk da haka sai da ya duba dama ya duba hagu. Ya yi addu'ar da aka saba, ya shafa. Ya daɗe a tsaye. Shi ba mutum ba ne mai magana da tudun ƙasa, ya karanta da yawa bai iya yaudarar kansa cewa akwai kunnen da ke ji a ƙarƙashi ba. Ya kakkaɓe bakin rigarsa ya kama hanyar gida da maganar a bakinsa, yadda ya tsara ta tun bazara, ko kalma ɗaya ba ta ragu ba.

Lubabatu, ɗiyata, na ga wuyanki. Irin na uwakki ne, kuma tsoro nika ji. Tashi mu tahi likita, ni za ni kai ki.